Hoton maganaɗisu na ƙwaƙwalwa a wata cibiya a Kano: abin da na gani da na raka Yayata

Yayata ta shafe shekara biyu da 'yan watanni tana fama da wani ciwo a gefen fuskarta na dama, wanda takan kwatanta da a jona wa mutum wayar lantarki a kumatu. Yakan taso na 'yan daƙiƙoƙi ya lafa, sannan ya dawo idan ta yi alwala da ruwan sanyi ko ta tauna abinci. An cire mata haƙori biyu bisa zaton daga nan matsalar take, amma ciwon bai gusa ba, daga baya ma jinta ya fara raguwa a kunnen wannan gefen, jiri kuma ya riƙa ɗibar ta idan ta miƙe. Hoton maganaɗisu na farko, wanda ma'aikatan asibiti ke kira Em-ar-ai, an yi shi ne a wani wuri mai rahusa, kuma rahoton da aka ba mu layi uku ne kacal. Ya ce akwai wata jakar ruwa a bayan kunne ta cikin ƙoƙon kai, irin wadda ake kira araknoyid, wadda galibi ba a taɓa ta. Da muka kai wa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ya ɗaga fim ɗin sama ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan hoton bai isa a yanke hukunci da shi ba. Ya rubuta mana sabuwar takarda, ya ja layi a ƙarƙashin abu biyu: ƙarfin maganaɗisun ya kai tesila 1.5, kuma a haɗa da hoton da suke kira difushan. Cibiyar da muka je da wannan takarda ita ce nake son yin bayani a kanta. Ba zan ambaci sunanta ba, domin zan faɗi aibu kamar yadda zan faɗi alheri, kuma abin da na gani na 'yan zuwan da muka yi ne kawai.

Zan fara da kuɗi, tunda da shi kowa yake farawa. Abin da muka biya ya ninka na wurin farko fiye da sau biyu, ya kuma tasam ma albashina na wata ɗaya a matsayina na malamin sakandare, sai da 'yan uwa suka yi karo-karo. Ba a ɓoye mana komai ba a kan wannan, an faɗa mana farashin hoton daban, na allurar da ake yi a tsakiyar aikin daban, kuma abin da aka faɗa ta waya shi muka tarar a kanta. Inda suka yi mana laifi shi ne ba su gaya mana cewa sai da sakamakon gwajin ƙoda za a yi allurar ba. Allurar tana ɗauke da sinadarin gadoliniyam, wanda ƙoda ce take fitar da shi daga jiki, saboda haka suna son su tabbatar ƙodar majinyaci tana aiki kafin su saka masa, musamman mai hawan jini irin Yayata. Dokar tana da ma'ana, ba na jayayya da ita, amma magana ce ta jimla ɗaya da mai amsa waya za ta iya faɗa. Rashin faɗarta ya sa muka taso tun daga Rijiyar Zaki da mara lafiya cikin adaidaita sahu, muka koma gida hannu rabbana, aka sake ba mu rana bayan kwana uku.

Ranar da aka yi aikin, abin da ya fara burge ni shi ne yadda suka ɗauki binciken ƙarfe da muhimmanci. Takardar tambayoyin da Turanci kaɗai aka rubuta ta, wanda a garin Kano ina ganin gazawa ce, amma wata ma'aikaciya ta zauna kusa da Yaya ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya da Hausa ba tare da gaggawa ba. Ta tambaye ta ko an taɓa yi mata tiyata, ko akwai na'urar bugun zuciya a ƙirjinta, ko an taɓa sa mata ƙarfe a ƙashi, ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonta, ko tana da juna biyu. Sannan ta ce, "Hajiya, za a cire 'yan kunne da awarwaro da fil ɗin hijabi, kuma ki taimaka ki goge kwallin nan." Yaya ta yi mamakin maganar kwalli, sai aka bayyana mata cewa wasu kayan kwalliyar ido suna ɗauke da ƙarfe, kuma suna iya ɓata hoton ɓangaren da ke kusa da ido. Haƙorin Makka da ke bakinta ma sai da aka rubuta shi a takarda, ko da yake an ce ba zai hana aikin ba. An ba ta riga mai yalwa da mayafin auduga mara ƙarfe, kuma mace ce ta raka ta har kan gadon, abin da ya kwantar mata da hankali ƙwarai.

Wannan tsanani ba iyayi ba ne. Maganaɗisu mai tesila 1.5 ya fi ƙarfin maganaɗisun duniyar da muke takawa kusan sau 30,000, kuma ba a kashe shi, ko da dare, ko ranar da ba aiki. Wayoyin da ke samar da shi suna nutse ne a cikin ruwan hiliyam mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, kuma a irin wannan sanyi lantarki yakan ci gaba da zagaya su ba tare da ya ƙare ba. Almakashi ko tukunyar iskar numfashi idan ta ƙetare ƙofar ɗakin, fizgar ta zai yi kamar an harba ta. Wannan sanyin yana kuma cikin dalilan tsadar aikin a ƙasarmu, domin na'urar da ke riƙe da sanyin tana buƙatar wuta dare da rana. Muna zaune a ɗakin jira wuta ta ɗauke, fitilu suka yi ƙyaftawa ɗaya, janareta ya karɓa, aikin bai tsaya ba. Na fahimci cewa wani kaso na kuɗin da muka biya dizal ne.

Yaya ta shiga da 'yarta, wadda ita ma sai da aka bincike ta kamar majinyaciya. Ni na tsaya a waje, saboda haka abin da zan faɗa a nan daga bakinsu na ji. An kwantar da ita rigingine, an toshe mata kunne, an kifa mata wani abu mai kama da keji a kan fuska, wanda shi ne yake karɓar saƙon da ke fitowa daga kai, aka danƙa mata wata 'yar ƙwallon roba da za ta matsa idan tana son a tsaya. Da gadon ya fara zurawa cikin ramin na'urar sai ta matsa ƙwallon nan take, ta ce ita kam wannan kabari ya tuna mata. Mai ɗaukar hoton bai yi mata dariya ba, bai kuma nuna ƙosawa ba, ya fito da ita ya ce, "Hajiya, ramin a buɗe yake gaba da baya, ina ganin ki ta gilashi, ina kuma jin ki. Ki rufe ido ki yi ta tasbihi a zuci, amma kada leɓe ya motsa." Da wannan ta koma, 'yarta na riƙe da ƙafarta. Ƙarar na'urar kuwa har ɗakin jira ina jin ta, wani lokaci kamar sakwara ake kirɓawa, wani lokaci kamar injin markaɗe. Aikin ya ɗauki kusan minti 45, domin ciwon fuskar ya taso mata a tsakiya ta motsa, aka maimaita kashi ɗaya ba tare da an nemi ƙarin kuɗi ba.

A nan ne nake son in daɗe, saboda a nan bambancin wurin farko da na biyu yake, kuma yawancinmu ba mu san da shi ba. Mukan ɗauka hoton maganaɗisu abu ɗaya ne, kamar hoton fasfo, wanda ya yi shi ya yi shi. Ba haka ba ne. Na'urar ba ta amfani da hasken eksire, tana amfani ne da maganaɗisu da igiyoyin rediyo wajen motsa ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jiki, sannan ta saurari saƙon da suke mayarwa idan suna komawa mazauninsu. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila ne suka sami lambar yabo ta Nobel a 2003 saboda aza harsashin wannan fasaha. Idan mai aiki ya canza yadda yake aika igiyoyin da lokacin da yake saurare, sai hoton ya fito da wata kama dabam, kuma kowace kama tambaya ce dabam da ake yi wa naman jiki. A kamar da ake kira T1 ruwa baƙi yake fitowa, kitse kuma fari. A T2 ruwa fari tas yake fitowa. Akwai ta uku da ake kira fileya, wadda aka tsara ta don ta dusashe hasken ruwan ƙwaƙwalwa, ta bar duk abin da ba shi ba ya fito fili.

Matsalar jakunkunan da ke fitowa a cikin kai ita ce da yawansu a T1 da T2 kamanninsu ɗaya, baƙi a nan, fari a can, tamkar ruwan da ƙwaƙwalwa take iyo a ciki. Jakar araknoyid ruwan ƙwaƙwalwa ne zalla da ya taru tsakanin ninkin tantanin da ya lulluɓe ta, yawanci da ita ake haihuwar mutum, kuma mutane da yawa suna rayuwa da ita har tsufa ba su sani ba. Jakar efidamoyid kuwa wani abu ne dabam. Asalinta ƙwayoyin fata ne da suka maƙale a ciki tun jariri yana da mako uku zuwa biyar a mahaifa, lokacin da bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yake rufewa. Wannan fata tana ci gaba da saɓa kamar yadda fatar jiki take yi, sai dai saɓar ba ta da mafita, don haka take taruwa a hankali shekara da shekaru, har ta zama wani farin abu mai ƙyalli kamar lu'ulu'u. Ba ciwon daji ba ce, kuma ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa cikin ƙoƙon kai ba. Ta fi son lungun da ke tsakanin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya da tushen ƙwaƙwalwa, inda jijiyar ji da jijiyar fuska suke bi. Halinta kuma ya bambanta: araknoyid ture jijiyoyi take yi gefe, efidamoyid kuwa kutsawa take yi tsakaninsu ta naɗe su kamar yadda kauci yake kama bishiya.

Hoton difushan shi ne yake raba gardama. Yana auna yadda ƙwayoyin ruwa suke yawo ne a cikin nama, hanyar da Denis Le Bihan na Faransa ya assasa a tsakiyar shekarun 1980. A cikin jakar araknoyid ruwa sake yake, yana yawonsa, saboda haka wurin baƙi yake fitowa. A cikin efidamoyid ruwan a takure yake tsakanin ninkin saɓa, sai wurin ya haska fari fat. Wannan kashi na aikin bai fi minti biyu ba, amma wurin farko ba su yi shi ba, wataƙila don ƙaramar na'urarsu ba ta iya fitar da shi da kyau. Da likitan tiyata ya buɗe sabon hoton a kwamfutarsa, ko ni da ban san komai ba na ga abin: wani fari mai gefe kamar farin kabeji a gefen dama, ya zagaye jijiya ta biyar, wadda ita ce take ɗauko ji daga fuska da haƙora. Ya juyo ya ce, "Hajiya, haƙoranki ba su da laifi." Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, na tuna haƙori biyun da aka cire.

Rahoton cibiyar shi ne abin da na fi yaba musu a kai. Shafi ɗaya da rabi ne, ɗauke da suna da sa hannun likitan hoto, ba tambarin kamfani kawai ba. Ya faɗi girman jakar ta fuska uku da milimita, ya faɗi kamarta a kowane kashi, cewa hasken cikinta bai dushe gaba ɗaya a fileya ba, ta haska a difushan, kuma ba ta sha allurar gadoliniyam ba, wanda ya nisanta zaton ƙarin jijiyar ji da ƙarin tantanin ƙwaƙwalwa, waɗanda su ne suka fi yawa a wannan lungu kuma suna shan allurar sosai. Ya ambaci jijiyoyin da ta naɗe, da cewa ta ɗan danne tushen ƙwaƙwalwa, da cewa hanyoyin ruwa ba su toshe ba. Sun kuma ƙara wasu siraran yanka na wannan lungu waɗanda ba a rubuta a takardarmu ba, don jijiyoyin su fito ɗaya-ɗaya, kuma likitan tiyata ya ce da su zai tsara hanyar shigarsa. Wannan yana nuna cewa wani mai ilimi ya duba hoton tun majinyaciya tana kan gado, ba a jira ta tafi gida ba.

Na tambayi likitan tiyata ko hoton maganaɗisu ya fi siti-sikan, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka yanka-yanka da hasken eksire, a kowane hali, sai ya ce a'a, ya ba ni misalin jakar koloyid. Wannan 'yar ƙarama ce, wani lokaci ba ta fi ƙwayar gujiya ba, tana zama a tsakiyar kai daidai mashigar da ruwan ƙwaƙwalwa yake bi daga manyan ɗakunansa biyu zuwa na uku. Ƙwaƙwalwa tana samar da kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana, saboda haka idan jakar ta toshe mashigar, ruwan yakan taru, ciwon kai mai tsanani da amai su biyo baya, har a rasa rai farat ɗaya. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, Walter Dandy, shi ne ya fara cire irinta cikin nasara a 1921. A siti-sikan yawanci fara take fitowa ƙarara, amma a hoton maganaɗisu takan saje da naman da ke kewaye da ita, har mai gaggawa ya tsallake ta. Ya kuma ambaci jakunkunan da tsutsa take haifarwa, musamman tsutsar alade, wadda take cikin manyan sabubban farfaɗiya a wuraren da ake kiwon alade. Na ce ai mu wannan bai shafe mu ba, sai ya gyara mini: wadda take zuwa ƙwaƙwalwa ba ta cin naman take shiga ba, ƙwanta ne da ke fita a bayan gidan mai ɗauke da ita yake gurɓata ruwa ko ganye, don haka wanda bai taɓa ganin alade ba ma yana iya kamuwa. A hoton maganaɗisu mai kyau har kan tsutsar ake gani kamar ɗigo a cikin jakar.

Sai dai bayan wannan aiki mai kyau, yadda suke miƙa sakamako bai dace da shi ba. An ce mu dawo bayan awa 48, muka dawo aka ce likita bai sa hannu ba, sai a rana ta huɗu muka karɓa, kuma ba wanda ya kira mu ya sanar da mu jinkirin alhali lambata tana kan takardarsu. Da aka tashi bayarwa, a kanta aka miƙo mini ambulan kamar rasiɗin kuɗin wuta, babu wanda ya ce uffan. Na buɗe a bakin ƙofa, idona ya faɗa kan kalmar Turanci da ke nufin ƙari, kuma kwana biyun da suka rage kafin mu ga likitan tiyata ban yi barcin kirki ba, ban kuma gaya wa Yaya abin da na karanta ba. Na yarda cewa ba aikin mai kanta ba ne ya fassara rahoto, kuma bayanin magani hakkin likitan da ya turo majinyaci ne. Amma cibiyar da take karɓar irin wannan kuɗi za ta iya ware minti biyar likitan hoto ya ce wa iyali abin da aka gani ba daji ba ne, su je wurin likitansu cikin natsuwa.

Haka kuma fim kaɗai suka sa a ambulan. Fim zaɓaɓɓun hotuna ne ƙalilan daga cikin ɗaruruwan da na'urar ta ɗauka, kuma likitan tiyata yana son ya bi su duka yanka bayan yanka a kwamfuta, ya auna, ya juya. Sai da na koma na nemi faifan sidi, aka ce akwai ƙarin kuɗi kaɗan, na biya, na jira kusan awa ɗaya. Ina ganin wannan faifai ya kamata ya zama cikin farashin tun farko, domin ita efidamoyid ko an cire ta akan ci gaba da bibiya da hoto na shekaru, tunda idan ɓawonta ya manne wa jijiya likita yakan bar ɗan guntu don kada ya shanye fuskar majinyaci, kuma guntun yana iya sake tara saɓa a hankali. Hoton yau shi ne ma'aunin da za a gwada na gaba da shi. Ɗakin jiran yana da tsabta da sanyi, akwai wurin alwala da salla, amma kujerun sun yi kaɗan, kuma babu keken majinyata a bakin ƙofa sai an shiga an nema.

Ga wanda aka tura hoton gwiwa ko gadon baya, ba zan ce lallai sai irin wannan wuri ba, likitansa ne zai faɗa. Amma wanda aka ce an ga jaka a cikin kansa, ko yake da ciwon fuska irin na Yaya tare da raguwar ji, zan tura shi wannan cibiya duk da laifuffukan da na lissafa, kuma zan ce masa kafin ya biya ko sisi a ko'ina ya tambayi ƙarfin na'urar, ya tambaya ko za a yi difushan da fileya, ya tambayi wanda zai karanta hoton ya sa hannu. Ya tafi da sakamakon gwajin ƙoda da duk tsofaffin hotunansa, ya kuma nemi faifai tun ranar da ya biya. Mu da mun san haka da ba mu biya kuɗin hoto sau biyu ba. Yanzu Yaya tana shan kabamazefin, ciwon fuskar ya ragu har tana iya alwala da ruwan ɗumi ba tare da fargaba ba, an kuma sa mata ranar tiyata bayan Babbar Salla. Faifan yana cikin akwatinta, na kwafi abin da ke cikinsa a kwamfutar makaranta da kuma wayar 'yarta.